Tambuwal, Kebbe da Sanyinna: Ƙasa da Yawan Jama'a a Kudancin Jihar Sakkwato



Maƙasudin wannan lacca shi ne a duba yadda yanayin ƙasa yake raba jama'a a kudancin Jihar Sakkwato, da abin da wannan rabo yake jawo wa garuruwan karkara irin su Sanyinna.

Garin Tambuwal yana bisa babbar hanyar mota wadda ta taso daga Sakkwato ta nufi Jega da Yawuri, tafiyar kimanin kilomita 100 daga birnin. Shi ne hedkwatar ƙaramar hukumar da ta ƙunshi Sanyinna, Dogon Daji da Jabo. Daga kudancinta kuma akwai ƙaramar hukumar Kebbe, wadda ta yi iyaka da Jihar Kabi da Jihar Zamfara. Dā can duk jiha guda ce, sai da aka cire Kabi a 1991, aka cire Zamfara a 1996, sannan yankin ya koma bakin iyaka.

Bisa ga ƙidayar 2006, ƙaramar hukumar Tambuwal tana da mutum 224,931 a cikin murabba'in kilomita 1,717. Kebbe kuwa tana da mutum 124,658 a cikin murabba'in kilomita 2,618. Watau kowane murabba'in kilomita na Tambuwal yana ɗauke da mutum wajen 131, na Kebbe kuwa wajen 48 kacal. Ga ƙasa mai faɗi da ƙarancin mutane, ga kuma maƙwabciyarta da ba ta kai ta faɗi ba, amma ta kusa ninka ta yawan jama'a. Mene ne dalili?

Na farko shi ne tarihi. Bayan jihadin 1804, Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu ya zauna a Tambuwal, garin ya zama ribaɗi mai tsaron wannan sashe kusa da Gwandu. A zamanin yaƙi, inda ganuwa take nan talaka yake kafa bukkarsa ya share gonarsa, jikokinsa kuma su gāje ta. Na biyu shi ne hanya. Garin da mota take ratsawa yana samun kasuwa, kasuwa kuwa ita ke kiran baƙo. Ruwa ma yana da nasa hukunci. Damina a nan ba ta wuce wata huɗu zuwa biyar ba, ana noma gero da dawa da wake a tudu, don haka mai fadama, kamar mazauna kwarin Gulbin Zamfara, shi ke da aikin yi da rani. Wanda ba shi da ita yakan ɗauki jakarsa ya tafi cin rani.

Wannan tafiya tana da muhimmanci ga sha'anin ƙidaya. Tun a shekarun 1950 masanin labarin ƙasa Mansell Prothero ya yi nazarin yadda dubban maza suke barin Lardin Sakkwato bayan kaka, su nufi kudu har ƙasar da ake kira Gana a yau. Ƙidayar 2006 kuwa a watan Maris aka yi ta, tsakiyar rani, kuma inda aka tarar da mutum nan aka rubuta shi. Saboda haka magidancin Sanyinna da ƙidaya ta riska a Ikko ko Ibadan, can ya shiga lissafi, alhali iyalinsa da gonarsa suna gida.

Har ila yau, alƙaluman da hukumomi suke aiki da su na ƙaramar hukuma ne a dunƙule. Hedkwata tana da sakatariya da ma'aikata masu faɗin bukatunta. Garin da yake nesa da ita kuwa sai ya nutse cikin jimla. Ga shi kuma yawan jama'a da faɗin ƙasa suna cikin ma'aunan rabon kuɗin tarayya. Jama'ar da take ƙaruwa da kashi 3 cikin 100 a shekara takan ninka cikin shekara 24 ko ƙasa da haka, kuma ƙidayar da aka shirya yi a 2023 an ɗage ta. Jaririn da aka haifa a makon ƙidayar 2006 ya isa jefa ƙuri'a a 2024.

A taƙaice, wanda zai gina aji ko asibiti ko ya haƙa rijiya da tsohon lissafi, tamkar tela ne da ya auna yaro, ya kawo rigar bayan yaron ya yi gemu. Ya kamata jami'a ta haɗa kai da hakimai da dagatai, ɗalibanta su riƙa ƙirga gidaje gari-gari, da damina da kuma rani, domin Sanyinna da ire-irenta su san adadinsu, su nemi haƙƙinsu da hujja.

Allah ya sa a dace. Wassalamu alaikum.