Cin Jarabawa Daban, Iya Aiki Daban

 

An ce in yi magana a kan sana'ar da nake ci da ita, wato rubuta manhajar kwamfuta. Zan fara da tambayar da wani ƙanena ya yi mini kwanaki. Ya ce, "Yaya, wai duk wanda ke aiki a Google ko Facebook gwani ne?" Na ce masa a'a. Ya zaro ido. To bari in faɗa muku abin da na faɗa masa.

Matsalar ta daɗe. A shekarar 2007 wani mai rubuta manhaja, Imran Ghory, ya kawo wani ɗan gwaji da ake kira FizzBuzz, sannan Jeff Atwood ya yayata shi. Ga gwajin: ka sa kwamfuta ta ƙirga daga 1 zuwa 100, in lamba ta rabu da 3 ta rubuta Fizz, in ta rabu da 5 ta rubuta Buzz, in ta rabu da duka biyun ta haɗa kalmomin. Aikin 'yan mintoci ne. Amma suka ce da yawan masu neman aiki, har da masu digiri a fannin, sai su yi ta gumi a kansa. Ka ga ke nan takardar shaida ba ta isa hujja ba.

Saboda irin wannan ne manyan kamfanonin Amurka suka dogara da tasu jarabawar. Za a zaunar da kai sau huɗu ko biyar, kowane zama kamar minti 45, a ba ka wata matsala mai kama da wasa ƙwaƙwalwa, ka warware ta a kan farin allo, wani na tsaye yana kallonka. Da farko abin kamar ya yi. Amma duk jarabawar da aka san salonta, haddace ta ake yi. Yau akwai dandali irin su LeetCode, inda mutum zai shafe watanni yana bitar ɗaruruwan irin waɗannan tambayoyi har su zauna masa.

Shi kuwa aikin ba haka yake ba. Aikin shi ne ka karanta abin da wani ya rubuta shekara biyar baya, mutumin ma ya bar kamfanin. Ka gano inda kuskure ya ɓuya ƙarfe biyun dare, mutane na can sun kasa tura kuɗi. Ka gyara ba tare da ka ɓata wani wurin ba. Ka iya ce wa abokin aiki, "Ban gane nan ba, nuna mini." Babu ko ɗaya cikin waɗannan da farin allo ke aunawa.

Su kansu sun sani. A 2013 Laszlo Bock, shugaban sashen ma'aikata na Google a lokacin, ya shaida wa jaridar New York Times cewa tambayoyin wasa ƙwaƙwalwa da suka riƙa yi ɓata lokaci ne, kuma makin jami'a ba ya nuna wanda zai iya aiki, in ba a kan waɗanda suka gama karatu kwanan nan ba. A 2015 kuma Max Howell, wanda ya ƙirƙiri Homebrew, manhajar da ɗimbin injiniyoyi ke aiki da ita kullum, ya bayyana cewa Google ba su ɗauke shi ba bayan ya kasa warware wata tambaya ta kan allo. Jama'a, ku duba: ƙofa ɗaya ta hana mai aikin shiga, ta buɗe wa mai hadda.

Sai kuma annobar korona ta zo a 2020. Kowa ya koma gida, kasuwa da makaranta suka koma intanet, kuɗin ruwa a Amurka ya sauka kusan sifili. Kamfanoni suka hau ɗibar ma'aikata kamar ana rabon zakka. Meta, mai Facebook da WhatsApp, tana da ma'aikata kusan 45,000 a ƙarshen 2019. Zuwa Satumban 2022 sun haura 87,000. A irin wannan wuri, girman manaja yakan tafi ne da yawan mutanen da ke ƙarƙashinsa, don haka kowa na neman ƙari. Sabon shiga kuma, komai basirarsa, sai da wanda zai zauna da shi ya koya masa. In sababbi suka yi wa tsofaffin hannu yawa, wa zai koya wa wa?

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A Nuwamban 2022 Meta ta sallami mutum 11,000, Mark Zuckerberg ya fito ya ce shi ya yi kuskuren lissafi. A Janairun 2023 Google ta sallami 12,000, Microsoft 10,000, Amazon 18,000. Kada wani ya ce ai marasa iyawa aka kora. Wallahi akwai gwanaye a ciki. Baƙin da ke aiki da bizar H-1B kuwa, kwana 60 doka ta ba su su sami wani aikin ko su tattara iyalansu su bar ƙasar. Wanda ya yi ɗaukar ganganci yana kan kujerarsa, wanda aka ɗauka shi ya sha wuya.

Na taɓa zama cikin masu tantance sababbin ma'aikata a wani ƙaramin kamfani. Wani matashi ya amsa tambayoyinmu tas, muka ɗauke shi da murna. Wata uku ya kasa gyara kuskure guda, kuma kunya ta hana shi tambaya. Laifinmu ne, mu muka auna abin da ba shi muke buƙata ba. Daga nan muka canza: mu ba mutum ɓatacciyar manhaja ta gaske, mu zauna tare da shi awa biyu, mu ga yadda yake tunani.

Ga ƙannena da ke koyon wannan sana'a, ko ta shirin 3MTT da aka ƙaddamar a 2023 ko da kanku a waya: ku yi bitar jarabawar, tunda ita ce ƙofa. Amma ku gina abin da ke aiki. Ku yi wa mai shagon unguwarku manhajar lissafin bashi, ta lalace, ya kira ku da faɗa, ku gyara. Nan ake zama injiniya.

Ku kuma da Allah zai ɗora wa ɗaukar ma'aikata gobe, a kamfani ko a ofis, kada ku ce tunda Google na yi haka daidai ne. Ku ƙirga mutum nawa aikin ke buƙata kafin ku buɗe ƙofa, ku tanadi mai koya musu, sannan ku gwada kowa da ainihin aikin da zai yi.

 Allah ya ba mu ilimi mai amfani.