Makaɗi Kuma Malami: Darasi Daga Rayuwar Malam Maman Barka

(Jawabin da aka gabatar a wajen taron shekara-shekara na ƙungiyar ci gaban garinmu, Bahindi)

 

Gabatarwa

Da kwamitin shirya taro ya nemi mu yi magana a kan ilimi, mun san abin da ake sa ran ji daga bakin tsohon hedimasta: rufin azuzuwan da iska ta yaye, ƙarancin bencina, da sakamakon jarrabawa. Duk waɗannan gaskiya ne, kuma an sha faɗarsu a wannan zaure. Amma yau mun zaɓi wani darasi wanda mu da kanmu muka taimaka wajen korarsa daga makaranta, wato darasin kiɗa da waƙa.

Abin da ya jawo hankalinmu shi ne wata ziyara da muka kai Abuja bara. Mun sauka a gidan wani tsohon ɗalibinmu, sai ya kira 'yarsa ta kaɗa mana fiyano, wanda ake koya mata a makarantar kuɗi. Yarinyar ta yi ƙoƙari, uban kuwa baki har kunne. Da muka tambaye shi ko zai yarda ƙanenta ya koyi kalangu, sai ya kwashe da dariya ya ce, "Haba Malam, roƙo zai yi?" Ba mu ga laifinsa ba, domin mu ne muka dasa masa wannan tunani. Saboda haka muke so mu kawo muku tarihin wani malamin makaranta, sa'anmu a shekaru, wanda ya ɗauki abin kiɗa bai ajiye mutuncin malanta ba.

Wane ne Malam Maman Barka?

An haife shi a Tesker, cikin jihar Damagaram ta Jamhuriyar Nijar, a ƙarshen shekarun 1950. Ɗan ƙabilar Tubawa ne, makiyayan sahara. Ya yi karatun zamani, ya sami horon malanta, ya kuma riƙe alli a makarantun firamare kafin duniya ta san shi. Abin kiɗansa na fari shi ne gurmi mai tsarkiya biyu, da shi ya yi suna a Nijar da arewacin Nijeriya, yana waƙa da Hausa da wasu harsunan ƙasarsa. Daga baya ya yi aiki a cibiyar horar da makaɗa ta Yamai, wadda aka sa wa sunan Alhaji Taya.

A shekarar 2002, lokacin da ya haura shekara arba'in, sunansa kuma ya riga ya zaga, sai ya yi abin da ba kowane gwani ke iyawa ba: ya koma ɗalibi. Akwai wani abin kiɗa na Buduma, masuntan Tafkin Chadi, ana kiransa biram. Tsarkiyarsa biyar, ƙirarsa kuwa kamar kwalekwale. A lokacin, gwani ɗaya tak aka sani ya rage mai kaɗa shi, wani dattijo mai suna Bukar Tar. Da tallafin hukumar UNESCO Malam Barka ya tafi har bakin tafkin, ya durƙusa gaban dattijon, ya koyi kiɗan da waƙoƙinsa da harshen masu shi. Kafin dattijon ya rasu, ya damƙa masa biram ɗinsa.

Da wannan kwalekwale mai tsarkiya Malam Barka ya shiga duniya. Ya kaɗa shi a manyan dandali na Afirka da Turai, ciki har da bikin WOMAD na ƙasar Ingila a 2008, tare da abokin tafiyarsa mai kiɗan ganga, Umaru Adamu, aka kuma fitar da faifansa a kasuwar duniya a 2009. Allah ya yi masa rasuwa a Yamai ranar 21 ga Nuwamba, 2018. Da ya yi jinkirin wasu 'yan shekaru bai je wurin Bukar Tar ba, da an binne biram tare da mai shi.

Abubuwa uku suka haɗu a jikin wannan bawan Allah: yana kaɗawa, yana koyo, yana koyarwa. Malanta ce ta buɗe masa ido ya gane cewa abin da ke hannun tsohon masunci ilimi ne, kuma ilimin da ba shi da ɗalibi kwanansa ƙididdigagge ne.

Fiyano da kalangu

Kada wani ya zaci muna ƙyamar fiyano. Na'ura ce mai ban mamaki, wadda Bartolomeo Cristofori ya ƙirƙiro a Italiya wajen shekarar 1700, ta yau kuma tana da madannai 88, farare 52, baƙaƙe 36. Wanda zai kaɗa ta a gaban jama'a sai ya share shekaru yana horo na sa'o'i da dama kowace rana. To, amma bari mu ga abin da wani gwaninta ɗan ƙasarmu ya yi da ita.

Farfesa Akin Euba, haifaffen Legas a 1935, ya koyi fiyano da tsara kiɗa a kwalejin Trinity ta Landan. Da ya tashi neman digirin digirgir a Jami'ar Gana, sai ya yi bincikensa a kan dundun, wato kalangun Yarabawa, ɗan'uwan namu. Ya koyar a Ife da Legas, ya yi aiki a Jamus, ya zama farfesa a Jami'ar Pittsburgh ta Amurka, ya rasu a 2020. Abin da aka fi saninsa da shi shi ne kiran da ya yi cewa a sa fiyano ta yi magana irin ta gangunan Afirka. Ku duba wannan al'amari: mutumin da ya kai ƙololuwar kiɗan Turawa ya dawo yana neman ilimi wurin masu kalangu, mu kuwa masu kalangun muna jin kunyarsa.

Me ya sa ake koyar da kiɗa?

Wannan tambaya ita ce ake kira falsafar koyar da kiɗa, kuma fanni ne da ake karantawa a jami'o'i. Ba sabuwa ba ce. Alfarabi, wanda ya rasu wajen shekarar 950, ake kuma yi masa laƙabi da Malami na Biyu a fagen falsafa, ya wallafa babban littafi a kan kiɗa. A zamanin nan kuma ra'ayi biyu suka shahara. Ba'amurke Bennett Reimer, a littafinsa na 1970, ya tafi a kan cewa amfanin darasin shi ne tarbiyyar zuciya, yaro ya iya sauraro, ya gane kyau, ya san abin da ke motsa shi. David Elliott, mutumin Kanada, ya fito da nasa a 1995, inda ya ce kiɗa aiki ne da mutane ke yi a cikin al'ummarsu, don haka yaro ba zai san shi ba sai ya sa hannu ya yi.

Idan muka auna, kakanninmu sun riƙe duka biyun ba tare da sun rubuta littafi ba. A ƙasar nan kowace sana'a da kiɗanta: manoma da gangar noma, mahauta da kalangu, maharba da nasu, masunta da nasu, sarauta da tambari da kotso da taushi da algaita da kakaki. Kowane gwarzo da takensa, wanda in ya ji tsikar jikinsa ta tashi. Wanda ya taɓa halartar bikin kamun kifi na Argungu, wanda UNESCO ta sa cikin gadon al'adun duniya a 2016, ya ga makaɗa cikin jirage suna zuga masunta. Ɗan makaɗi kuwa ba a allo yake koyo ba. Yana farawa da ɗaukar kaya, sai amshi, sai ƙaramar ganga, har ranar da za a ce ya ja gaba. A cikin wannan tafiya yana haddace asalin gidaje da jerin sarakuna, yana koyon ƙidayar bugu, da haƙuri, da sauraron na gaba da shi. Balle mu da muke zaune a gaɓar Kwara, kusa da iyakar Benin, inda Bahaushe da Bafulatani da Badandi da Bazabarme da mutanen Bargu suke cin kasuwa ɗaya tun daga Bagudo har Illo da Lolo. Kowannensu da muryarsa, kuma yaranmu ne magadan dukkansu.

Inda muka yi kuskure

Mun shiga kwalejin horon malamai ne a guguwar shirin ilimin firamare kyauta na 1976. A jadawalin da muka tarar akwai lokacin waƙa, amma da jarrabawar shiga sakandare ta matso sai mu mayar da shi na lissafi. Ba za mu manta da wani yaro ɗan aji biyar ba, ɗan mai gangar noma, wanda in ya sa hannu a kan tebur sai ajin duka ya ɗauka. Mun zane shi a gaban 'yan'uwansa, muka ce makaranta ba gidan roƙo ba ce. Ya ji maganarmu, bai sake bin mahaifinsa gayya ba. Da uban ya rasu aka rataye gangar a zaure har gara ta cinye ta, taken manoman unguwarsu kuma ya tafi ke nan. Wannan abu yana ci mana rai har gobe.

Mun san akwai masu cewa, ina batun addini? Malamanmu sun yi dogon bayani a kan hukuncin kiɗa, akwai masu tsanantawa, akwai masu sassautawa bisa sharuɗɗa, Imamu Gazali ma ya keɓe babi guda a Ihya'u a kan sauraro. Wannan fagensu ne, ba za mu yi musu shisshigi ba, kuma duk abin da za mu yi sai da shawararsu. Abin da muka sani a matsayinmu na malaman makaranta shi ne, Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, da waƙoƙin da ake rerawa ta karantar da mata ta hannun 'yan taru. Kuma yaron da aka hana shi waƙar gida ba ya zama babu waƙa: wayar hannu za ta ba shi wata, wadda ba wanda ya tace masa.

Masu cewa roƙo ne kuwa, sai mu tuna musu cewa Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba Alhaji Mamman Shata digirin girmamawa a 1988, kuma Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero ya yi shekaru yana nazarin makaɗa da mawaƙan Hausa. A nan jiharmu, gidan Dandawo ya ɗaukaka sunan Argungu da Yawuri. Roƙo hali ne, kiɗa kuwa ilimi ne, ana iya raba su.

Shawarwari

Na farko, ƙungiya ta naɗa matasa uku ko huɗu su zaga Bahindi da ƙauyukan kewaye cikin wannan rani, su ɗauki muryar duk wani tsohon makaɗi da mawaƙiyar daka ko niƙa ko reno da ya rage, da izininsa, su rubuta sunan kowane take da ma'anarsa. Wayar da ke aljihunsu ta isa.

Na biyu, manhajar ilimi ta shekara tara ta riga ta tanadi darasin al'adu da fasahar ƙirƙira, wanda ya haɗa kiɗa da zane da wasan kwaikwayo. Mu nemi yardar hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma, a riƙa gayyato dattijon makaɗi sau ɗaya a mako, a ba shi kujera kusa da malamin aji, ƙungiya ta biya shi alawus kamar kowane malami. Ranar da yara suka ga hedimasta ya miƙe ya gaishe shi, rabin aikin ya ƙare.

Na uku, cikin guraben tallafin karatu da muke bayarwa, a keɓe ɗaya ga wanda zai karanci kiɗa ko adabin baka a kwalejin ilimi, bisa sharaɗin ya dawo gida ya koyar.

Na huɗu, ku mazauna birane, kada ku cire 'ya'yanku daga ajin fiyano. Amma in kun zo hutun salla, ku kai su su ji taken kakansu, su san akwai shi.

Kammalawa

Jama'a, Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Malam Maman Barka ya yi doguwar tafiya domin ya riski dattijo guda kafin ƙasa ta rufe masa ido. Mu namu dattawan suna nan bayan kasuwa, tafiyar minti goma ce, kuma kowace damina sai mun rasa wani. Mu da muka kori wannan darasi da bulala, muna roƙonku ku taimaka mana mu dawo da shi tun muna da sauran numfashi.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya albarkaci zuriyarmu, ya mayar da kowa gidansa lafiya.