Ruwa Ɗaya, Hannu Uku: Rabon Ruwa a Duniya da Yadda Abin Yake a Sharaɗa, Chalawa da Bompai

Masana albarkatun ruwa sun saba kasa amfanin da ɗan Adam ke yi da ruwa gida uku, wato noma da masana'antu da hidimar gida, kuma alƙaluman Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya sun nuna cewa noma ke ɗaukar kimanin kashi 70 cikin ɗari na ruwan da ake ɗiba daga koguna da tafkuna da ƙarƙashin ƙasa, masana'antu kusan kashi 20, sauran kuwa ya tafi gidaje. Sai dai rabon ba ɗaya ba ne ko'ina: a kudancin Asiya noman rani kan lashe kusan kashi 90, a Afirka wajen kashi 80, alhali a Turai, inda ruwan sama ya wadatar da yawancin gonaki, masana'antu ne ke kan gaba da kimanin rabi.

Kafin a ɗora hukunci a kan waɗannan alƙaluma, wajibi ne a bambance ɗiban ruwa da cinye shi. Ɗiba shi ne cire ruwa daga mazauninsa, cinyewa kuwa shi ne ruwan ya tafi ba dawowa, kamar wanda shinkafa ta sha ko rana ta ƙafar. Mafi yawan kason masana'antun Turai ruwa ne da ake sanyaya tashoshin wutar lantarki da shi, wanda yakan koma kogi da ɗumi amma ba tare da guba ba.

Kano ta bi sahun Afirka ta fuskar yawa, domin madatsar Tiga da aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, tare da ta Chalawa da ke Ƙaraye ta 1992, mafi girman hidimarsu ita ce shayar da gonakin rani, kamar yadda Tiga ke shayar da na Kadawa da Kura da Bunkure. Idan aka auna abin da rukunonin masana'antu na Bompai da Sharaɗa da Chalawa ke sha da wannan, ɗan kaɗan ne. A nan ne ma'aunin ya gaza, domin yana ƙirga yawan ruwan da aka ɗauka, ba ya duba halin da ya dawo a ciki.

Jima ta isa misali. Majeman gargajiya na cikin birni da bagaruwa da toka suke aiki, amma kamfanonin jima na zamani suna amfani da gishiri mai yawa da sinadaran tuge gashi da kuma kuromiyam, wani nau'in ƙarfe da ke hana fata ruɓewa, wanda idan ya shiga laka yakan daɗe bai gushe ba. Dagwalon Sharaɗa yana bin rafin Salanta ya faɗa Kogin Chalawa, wanda ke haɗuwa da Kogin Kano a wajen Tamburawa, inda matatar ruwan sha ta birnin take. Na Bompai kuwa yana bin Getsi zuwa Jakara, ya gangara madatsar Wasai a Minjibir, kuma a gefen waɗannan rafuka masu lambu ke ban-ruwan latas da kabeji da alayyafo da karas da ake kaiwa kasuwannin birni. Ba a ga laifin manoman ba, tunda ruwan da ba ya ƙafewa da rani shi ne jarinsu. Ke nan ruwan da masana suka kasa uku, a Kano ruwa ɗaya ne da ke ratsa kamfani, ya bi ta lambu, ya ƙare a tukunya.

Akwai kuma ruwan da da wuya ya shiga lissafi. Saboda ƙarancin ruwan famfo, kamfanoni da gidaje sun koma ga rijiyoyin burtsatse da 'yan ga-ruwa, a birnin da ke zaune bisa fa, wato shimfiɗaɗɗen dutsen ƙarƙashin ƙasa da ba ya riƙe ruwa sai a tsagoginsa da ruɓaɓɓen samansa. Hukumar kula da muhalli ta NESREA, da aka kafa a 2007, tana da ƙa'idojin da suka wajabta tace dagwalo kafin a sake shi, amma injin tacewa wutar lantarki yake ci dare da rana, kuma kamfanin da ke dogaro da janareta da tsadar gas ba a rasa inda zai fara rage kashe kuɗi.