Iskar Gabas da Rufin Ɗakunanmu



Watakila wasunku za su yi mamaki da jin cewa mu mutanen Dawakin Tofa, da ke nesa da teku da ɗaruruwan mil, mun zaɓi yin magana a kan guguwar teku. Dalilinmu shi ne akwai dangantaka tsakaninta da hadarin da muka saba gani yana haɗowa daga gabas a watan Mayu da Yuni. Masana yanayi sun tabbatar cewa jerin hadarin da ke ratsa ƙasashenmu ya nufi yamma, idan ya wuce Senegal ya faɗa Tekun Atlantika, wani lokaci shi ne yake riƙa ya zama mahaukaciyar guguwar da ke rusa garuruwan Amurka. Abin da take bukata shi ne ruwan teku mai ɗumin da ya kai kamar digiri 26, kuma ba a kiran ta da wannan suna sai gudunta ya kai kilomita 119 a sa'a. Ashe iskar da ke yaye mana kwano ƙaramarsu ce, ba ta kai ga samun teku ba tukuna.

Labarin garuruwan hamada na bakin teku kuwa, tun muna yara muka fara jin sa daga bakin tsofaffin alhazai da suka je Makka a ƙasa. Sun bi ta Borno, suka ƙetare Cadi, suka yada zango a Mai Wurno, garin da ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa a Sudan bayan yaƙin Burmi na 1903, daga nan suka gangara Sawakin a bakin Bahar Maliya. Wani tsoho a ƙauyenmu yakan ba mu labarin habub, watau iskar ƙura ta Sudan, wadda ke tasowa kamar ganuwa ta mai da rana dare. Amma abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne benayen Sawakin, waɗanda aka gina da dutsen murjani. Tun da aka buɗe tashar Fot Sudan a 1909, 'yan kasuwa suka ƙaura, babu mai yaɓe, babu mai gyara, sai benayen suka riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya. Yakan ce da mu gida ba ya faɗuwa ranar da iska ta zo, ya daɗe da faɗuwa tun ranar da mai shi ya daina duba shi.

A zamaninmu ma an ga yadda guguwar teku ke yi wa irin waɗannan garuruwa. A watan Yuni na 2007 guguwar Gonu ta afka wa Maskat da Sur a ƙasar Oman, mutane kusan 50 suka rasu. A 2015 Chapala ta sauka kusa da Mukalla ta ƙasar Yaman. A watan Mayu na 2018 kuma Mekunu ta zuba wa Salala ruwan da ya fi na shekara biyu cikin yini guda. Mafi yawan ɓarnar ta auku ne inda ruwa ya bi tsofaffin kwaruruka da mutane suka manta cewa hanyarsa ce, saboda sun daɗe a bushe.

To, mu dawo gida. Kakanninmu sun san iskar gabas, kuma sun yi mata shiri. Sun rufa soro da azara da ƙasa, rufi mai nauyi wanda iska ba ta ɗaga shi. Kowace bazara sukan sake yaɓe, musamman a bangon gabas, su gyara indararo. A gona kuma sun bar gawo da ɗorawa da tsamiya da kuka, waɗanda ke karya ƙarfin iska kafin ta iso gari. Mu kuma da muka zo, muka sare itatuwa muka kai birni don girki, muka ɗora kwano a kan siraran katako ba tare da mun ɗaure shi da langa-langa a jikin gini ba. Saboda haka da wuya a yi ruwan shuka ba a ji labarin firamaren da rufinta ya tashi ba, yara su koma gindin bishiya, in ma an bar bishiyar.

Magani ba ɓoyayye ba ne. Bayan farin 1973 an dasa layukan itatuwan turare a ƙasar Dambatta, maƙwabtanmu, domin kare gonaki daga iska. A kwarin Majiya na Jamhuriyar Nijar an fara dasa layukan darbejiya a 1975, manoma suka ga amfaninsu a gero da itacen girki. Abin da aka yi a can ana iya yin sa daga Dawanau har zuwa ƙauye na ƙarshe a ƙaramar hukumarmu.

'Yan'uwa, nan da 'yan shekaru wasunmu ne za su zauna a ofisoshin ayyuka da na ilmi da na gandun daji. Mu ne za mu duba ginin aji mu sa hannu a biya ɗan kwangila. Muna roƙon kowannenmu, kafin ya sa hannu, ya hau tsani ya duba ko an ɗaure rufin, ya kuma tambaya ina aka dasa itatuwa a gabashin makarantar. Idan muka sa hannu a kan rufin da muka san ba zai kai damina biyu ba, to, ranar da ya faɗa wa ɗan wani, alhakin yana wuyanmu, kada mu ɗora wa iska. Tun ran gini ran zane.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kare mu daga sharrin iska.