Bayan Digiri, Wa Zai Kaɗa Mana Ƙararrawa?

(Jawabin da aka gabatar a taron ban kwana da ɗaliban ajin ƙarshe)



An nemi mu yi magana a kan yadda mutum zai riƙe abin kirkin da ya samu, ko ilmi ne ko lafiyar jiki, har ya tsufa da shi. Za mu fara da wata magana wadda ba kowa zai ji daɗinta ba. Yawancin halayen kirkin da muke taƙama da su a nan, makaranta ce ta ba mu aronsu. Muna tashi da sassafe ne domin akwai lacca ƙarfe takwas. Muna karatu domin jarrabawa na tafe. Muna sauri a ƙafa daga ɗakin kwana zuwa aji, daga aji zuwa laburare, daga can zuwa wurin cin abinci, domin ba mu da abin hawa. Ran da aka miƙa mana takardar shaida, mai aro zai karɓi kayansa, sa'an nan ne kowa zai san abin da ya rage a hannunsa.

Domin kada a ce zato muke yi, bari mu kawo labarin wani likita ɗan Ingila, Jeremy Morris. A 1953 shi da abokan aikinsa suka buga sakamakon binciken da suka yi a kan ma'aikatan bas-bas masu bene na birnin Landan, mutum wajen 31,000. Direba da kwandasta mota ɗaya suke yini a ciki, amma shi direba a zaune yake kusan dukan lokacin aikinsa, shi kuwa kwandasta yana hawa da sauka tsakanin ƙasa da bene yana karɓar kuɗi, har yakan taka matakala 500 zuwa 750 a yini guda. Da aka duba sai aka tarar ciwon zuciya ya fi kama direbobi, kuma ya fi saurin kashe su. Suka juya ga ma'aikatan gidan waya, nan ma haka: masu yawon rarraba wasiƙu a ƙafa ko a keke sun fi akawuna da masu zaman haɗa tarho tsira daga wannan ciwo.

Abin da muke so a lura da shi a nan shi ne, babu kwandastan da ya ɗaura niyyar motsa jiki. Bai fi direba hankali ba, bai fi shi ƙarfin hali ba. Tsarin yininsa ne ya tilasta masa, ya sami lafiya ba tare da ya neme ta ba. To, mu yau kwandastoci ne. Nan da shekara biyu, idan an gama bautar ƙasa kuma Allah ya sa an dace da aiki, da yawanmu kujerar direba za mu hau, wato tebur da kujera da fanka, da masinja mai kai fayil ofishin da ke kusa, da babur ko mota a bakin ƙofa. Ana nan sai tumbi ya fito, 'yan uwa a gida su yi murna su ce hutu ya zauna. Ba mai ambaton hawan jini da ciwon sukari sai ran da aka je asibiti.

Jiki kuwa ba ya ajiye ƙarfi kamar yadda rumbu ke ajiye hatsi. A 1984 wani masani a Amurka, Edward Coyle, ya sa waɗansu gwanayen tsere da suka shekara da shekaru suna horo su daina gaba ɗaya, yana auna su. Cikin kwana 21 iyawar jikinsu ta amfani da iska ta ragu da kashi 7 cikin 100, cikin kwana 56 ta ragu da kashi 16. 'Yan wasanmu na ƙwallo da guje-guje, waɗanda suka ciyo mana kofuna, su riƙe wannan lissafi. Amma akwai abin ƙarfafa zuciya a ciki, domin bayan mako 12 na zama, mutanen nan sun fi waɗanda ba su taɓa horo ba. Wahalar da aka sha ba ta faɗi ƙasa banza ba, sai dai tana zurarewa kullum.

Haka karatu yake, kuma wannan ba sai mun ƙetare teku neman misali ba. Lokacin da aka ɗaura Yaƙi da Jahilci a Jihar Arewa cikin shekarun 1950, masu shirin sun gane cewa koya wa dattijo baƙaƙe da wasula shi ne ƙaramin aikin. Babban aikin shi ne samar masa abin da zai karanta bayan an tashi daga aji, in ba haka ba damina ɗaya ta isa ta wanke abin da ya koya. Shi ya sa hukumar NORLA a Zariya ta duƙufa wajen buga ƙananan littattafai masu araha, aka kuma yi wa larduna jaridunsu: Sodangi a Kano, Himma a Katsina, Zaruma a Sakkwato, Bazazzaga a Zariya. Mu da muke ganin mun wuce wannan matsayi, mu tambayi kanmu, mai digirin da ya shekara biyar bai buɗe littafi ba, sai takardun ofis da saƙonnin wayar hannu, da me ya fi wancan dattijo? Iyaka dai shi yana da takarda a jikin bango mai rufa masa asiri.

To, ina mafita? Abin da aka saba gaya mana shi ne a ƙara himma. Mu dai a ganinmu himma kamar ruwan kwari take, takan zo da ƙarfi ta wuce, ba a dogara da ita a yi noman rani. Abin da ya kamata shi ne mutum ya yi wa kansa abin da makaranta ta yi masa, wato ya gina abin cikin tsarin yininsa yadda ba sai ya yi shawara da zuciyarsa kowace safiya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi na bukatar aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a mako. Wannan rabin sa'a ne a kwana biyar. Wanda ya kama hayar ɗaki inda zai iya takawa zuwa ofis, ko ya saba sauka daga mota tun da sauran tafiya, ya biya wannan bashi ba tare da ya sayi takalmin gudu ba. Wanda ya ɗaure karatun shafi goma da wani abin da ba ya fashi, kamar shayin safe, ya fi wanda ya yi alkawarin cinye littafi guda kowane hutun ƙarshen mako.

Sai kuma a yi haƙuri da jinkiri. An daɗe ana yaɗa cewa kwana 21 sun isa sabon hali ya zauna, alhali kuwa binciken da Phillippa Lally ta yi a Landan a kan mutum 96, wanda aka buga a 2010, ya nuna matsakaicin lokacin kwana 66 ne. Wani ya samu cikin kwana 18, wani kuwa lissafi ya nuna sai ya kai 254. Sun kuma ga cewa fashin rana ɗaya bai rushe ginin ba. Wannan yana da muhimmanci ƙwarai, domin abin da ke kayar da yawancinmu shi ne, in an yi fashi sau ɗaya saboda biki ko zazzaɓi ko tafiya, sai a ce ai an riga an ɓata, a watsar da abin ɗungum. Saboda haka a zaɓi abin da za a iya yi ko a ranar da ba a jin daɗi. Shi kansa Morris ya riƙe iyo da motsa jiki har cikin tsufansa, ya rasu a 2009 yana da shekara 99.

Saura abu guda wanda mutum ɗaya ba zai iya yi wa kansa ba. Rabin abin da ke fitar da mu fili da yamma, ko ya zaunar da mu a laburare, shi ne abokin da zai ƙwanƙwasa ƙofa ya ce taso. Wannan aboki shi za mu fara rasawa idan aka rarraba mu jihohi. Don haka muna roƙon shugabannin ƙungiyarmu su ɗauki abu biyu kafin a tafi hutu. Na farko, su nemi hukumar makaranta ta bar wa tsofaffin ɗalibai damar aron littafi da shiga filin wasa, ko da za a sanya ɗan kuɗi kaɗan a shekara. Na biyu, sakatare ya tattara sunayen masu fita bana da garuruwan da aka tura su, domin waɗanda suka faɗa gari ɗaya su san juna tun makon farko, su tsayar da rana guda ta haɗuwa.