A SA SANIYA CIKIN LISSAFIN RUWA

(Jawabin da aka gabatar wa taron makiyaya da fataken shanu a Tamale)

 

Jama'a, kafin gwamnati ta zuba kuɗi a aikin ruwa, ma'aikatanta sukan zauna su auna abin da aikin zai ci da amfanin da zai kawo. In amfani ya rinjayi, sai a yi. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Falke ba ya ɗora sa a mota zuwa Kumasi ko Tulaku sai ya lissafa kuɗin mota, da la'ada, da haraji, da ramar da san zai yi a hanya. Kukanmu shi ne, sau da yawa ana yin lissafin gwamnati babu saniya a ciki.

Bari mu kawo misali daga Nijeriya. An gama dam ɗin Tiga a 1974, na Challawa kuma a 1992, sai ambaliyar da ke raya fadamun Haɗeja da Nguru ta ragu. A farkon shekarun 1990 masana, cikinsu har da Edward Barbier, suka sake lissafi. Suka gano cewa in an bar ruwan ya malala fadama, abin da yake bayarwa na noma da kifi da itacen girki ya ninka abin da ruwan nan yake bayarwa a gonakin noman rani na Kano. Ko kiwo ma ba su sa a ma'aunin ba. To, da an ƙidaya shanun da ke cin rani a can fa?

Yanzu mu dawo gida Gana. A 2017 aka fito da shirin kowane ƙauye da dam ɗinsa, aka haƙa ɗaruruwa a arewa. Mun yi murna. Amma da yawansu ba su da zurfi, kafin watan Maris sun ƙafe, daidai lokacin da saniya ta fi bukata. Araha ba ta ado. Tafkin da ba ya kai bazara, komai arhar haƙarsa, ya yi tsada.

Haka kuma a Nuwamba 2019 aka ƙaddamar da aikin dam ɗin Pwalugu a kan kogin Farin Volta, na dala miliyan 993, domin wutar lantarki, da noman rani na hekta 25,000, da rage ɓarnar ruwan da ake sakowa daga Bagre ta Burkina Faso. Shekara biyar ta wuce ba a ga gini ba. Kogin nan shi ne Tamale ke sha ta Nawuni da Dalun, shi ne kuma mashayar dabbobinmu. Duk ranar da aka tada maganar, sai mu tambaya: makiyaya nawa ruwan zai cinye? Wane burtali zai toshe? Ina mashaya?

Saboda haka muna roƙon abu uku. Na farko, kowane ardo ya sa a rubuta yawan garken da ke sha a kowace mashaya, da watan da take ƙafewa. Mun san tsoron jangali ya koya mana ɓoye yawan dukiya, amma abin da ba a ƙidaya ba, ba a yi masa rabo. Na biyu, fatake su riƙe rasit ɗin harajin kara, domin shi ne shaidar abin da saniya ke kawo wa majalisar gunduma. Na uku, mu halarci zaman majalisa tun aiki yana kan takarda, mu nemi a ware wa dabbobi wurin sha dabam da na mutane, a bar hanyar shiga tsakanin gonaki. Rashin wannan hanya shi ke haɗa mu da manoma. Tun ran gini ran zane.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu. Wassalam.