A Fita Da Yara Waje Su Ɗauki Hoto

Jawabin da aka yi wa malaman makaranta da iyayen yara a wurin laccar ranar Asabar.

Maganarmu ta yau a kan yaran ƙaramar sakandare ce, watau irin waɗanda a da a ke kira 'yan Midil.

Ku shiga ajinsu ku tambayi yaro mece ce zaizayar ƙasa, nan da nan zai zubo muku amsa, ba gargada. Amma ku ce ya nuna muku ita, sai ya yi shiru, alhali kuwa kowace safiya sai ya tsallake kwazazzabo kafin ya iso makaranta. Mu ma haka aka yi mana. Mun haddace sassan fure a kan allo, ba wanda ya ce mu tsinko fure mu duba. To, gani ya kori ji. Abin da mu ke roƙo shi ne a riƙa fita da yaran nan waje, a ba su abin ɗaukar hoto.

Kada wani ya ce wannan wasa ne. Da hoto manyan masana su ke aiki. Hotunan da aka ɗauka daga sama sun nuna faɗin Tafkin Chadi ya kai murabba'in kilomita wajen 25,000 a 1963, bayan farin 1973 da na 1984 kuwa ruwan ya koma kamar kashi ɗaya cikin goma. Har wa yau hoto ne ya kawo labari mai daɗi daga Nijar. Da aka jera hotunan 1975 da na bayan 2000, sai aka ga itatuwa sun ƙaru ƙwarai a gonakin Maraɗi da Damagaram, a fili mai faɗin hekta wajen miliyan 5, domin manoma sun daina sare tohon kututture, suna yin abin da su ke kira sassabin zamani. Dabarar duk ɗaya ce: wuri guda, hoto biyu, lokaci dabam. Yaro ɗan shekara 13 yana iya yinta.

Ga yadda za a yi. Malam ya raba aji biyar biyar, kowace ƙungiya da waya ɗaya, ko ta aro ce. Su zaɓi wuri guda su kafa turke. Farkon kowane wata su tsaya a kan turken nan, su fuskanci gefe guda, su ɗauka da hantsi. A tsayar da sanda mai tsawon mita ɗaya cikin hoton, domin a san girman abin da a ke gani. Sa'an nan su rubuta kwanan wata da abin da suka lura a littafi. Hoton da ba shi da kwanan wata ba shaida ba ne.

Waɗansu su ɗauki bakin kwazazzabo, su auna taku nawa ya ci cikin damina ɗaya. Waɗansu su ɗauki kwata kafin leda ta toshe ta da bayan ta toshe. Waɗansu su ɗauki gawo. In sun jera hoton Janairu da na Agusta za su ga abin mamaki: yana da ganye kore da rani, da damina kuwa ya kaɗe, shi ya sa geron da ke gindinsa ya kan sami rana da taki. Amma fa hoto ba ya faɗin dalili. Lalle yaro ya je ya tambayi tsohon manomi, ya dawo ya gwada da abin da littafi ya ce.

Akwai ka'ida. Ba a ɗaukar mutum ko gidansa sai da izininsa. Ba a taɓa sheƙar tsuntsu. Ba a barin yaro shi kaɗai a bakin kududdufi.

Ƙarshen shekara a wanke hoto 12, a manna a bango, a kira iyaye su gani. Yaron da ya yi wannan aiki ya zama mai shaida. Gobe in aka ce masa an dasa itatuwa dubu a unguwarsu, zai ce a nuna masa turken da aka tsaya, da hoton bara da na bana.

Malamai, kada ku jira sai an aiko muku da kaya. Iyaye, ku ba da aron waya ta sa'a guda a wata. A kafa turken farko kafin shamuwa ta iso. Allah ya taimake mu. Wassalam.